Da Wace Tiya Za Mu Auna Mai Binciken Ciwon Daji?

Akwai yaron da na koya wa karatu a aji uku na firamare, shekaru da dama da suka wuce. Yau likita ne a nan Maradi, kuma har yanzu in ya samu sarari yakan biyo ta ƙofar gidana bayan isha'i, mu sha shayi, mu taɓa hira. Daren Juma'ar da ta gabata ya zo da zumuɗi, bai ma gama gaisuwa ba ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, dubi wannan bawan Allah. Farfesa ne a Turai, aikinsa sankarar jini da ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa. Wannan lamba ta sama, yawan takardun binciken da ya wallafa ke nan. Ta ƙasanta kuma, yawan lokutan da wasu masana suka ambaci aikinsa cikin nasu rubutu. Dubbai ne, Malam, dubbai."

Na gyara tabarau na duba. Na ce Allah ya ƙara masa basira, sannan na tambaya, "To a ina ake nuna yawan mutanen da suka tashi daga jinya saboda shi?"

Ya ɗan yi jim. "Wannan ba a rubuta shi a nan, Malam."

Ba don in karya masa gwiwa na yi tambayar ba. Ina da dalili, kuma zan zo kansa. Amma tun daga daren abin yake cin raina, shi ya sa na ga gara in rubuta shi. Ra'ayina shi ne, lambobin nan gaskiya suke faɗi, sai dai gaskiyar wasu mutane ce a wani wuri. In muka ɗauki tiyar da ake auna masana da ita a Turai da Amurka muka ce da ita kaɗai za mu auna namu likitoci, za mu wayi gari muna da farfesoshi, yaranmu kuma suna mutuwa ba wanda ya ko rubuta sunan abin da ya kashe su.

Bari in fara da haƙƙin lambobin, don suna da shi. Mu da muka zauna gaban malaman zaure mun san darajar mutum ya ce, wannan magana na karɓo ta daga wane, shi kuma daga wane. Ambaton da masana ke yi wa juna a ƙarshen takardunsu wannan ne, isnadi ne irin nasu. Daga baya aka soma ƙirga shi. A 2005 wani masanin kimiyya na Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙago lambar da ake kira h: in an ce taka 40 ce, ana nufin kana da takardu 40 waɗanda kowace ɗaya an ambace ta aƙalla sau 40. Da irin wannan ake neman kuɗin bincike, da shi ake neman kujera. Ko a yankinmu malamin jami'a ba ya hawa matsayi sai ya kai tulin takardunsa gaban CAMES, hukumar tantance malaman jami'a da ke da mazauni a Wagadugu.

Kuma wannan sarƙa ta ambato takan haifi magani na gaske. Akwai wata sankarar jini da ta fi kama manya, fararen ƙwayoyin jini su yi ta yawa, saifa ta kumbura har ta cika ciki. A 1960 wasu mutum biyu a birnin Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura a madubin awo cewa ɗaya daga cikin zaren gadon da ke cikin ƙwayar masu wannan ciwo, wanda ake kira kuromozom, ya fi yadda ya kamata gajarta. Ba su warkar da kowa ba, sun dai rubuta abin da suka gani. Bayan shekara 13 wata likita a Shikago, Janet Rowley, ta gano cewa guntun bai ɓata ba, musanya aka yi tsakanin zare na 9 da na 22. Wasu suka ɗora, suka gano cewa wannan musanya tana haifar da wani sinadari mai umurtar ƙwaya ta yi ta rabuwa ba tsayawa, kamar injin niƙa da makunninsa ya maƙale. Sai Brian Druker da abokan aikinsa suka gwada ƙwayar magani mai toshe wannan sinadari. A gwajin farko da aka soma a 1998, mutum 53 cikin 54 da suka sha isasshen adadi jininsu ya koma daidai. A 2001 aka amince da maganin, imatinib, wanda aka fi sani da Glivec. Shekara 41 ke nan daga gani zuwa magani, kuma ciwon da a da yake kashe mutum cikin ƴan shekaru ya koma abin da ake rayuwa da shi ana haɗiyar ƙwaya kullum. Wanda duk ya ce bincike ɓata lokaci ne, a ba shi wannan labari.

Saboda haka ban raina farfesan da ke cikin wayar ɗalibina ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne mene ne ainihin abin da lambar take ƙirgawa. Tana ƙirga yawan masu rubutu ne da suka karanta ka. In ciwon da kake bincike a kai yana da masu bincike dubu, to masu ambatonka za su yi yawa. In kuwa ciwon talakawa ne a ƙasar da likitan yara ɗaya ke duba ɗaki cike da majinyata, wa zai ambace ka?

Ga misali daga ɓangaren ƙwaƙwalwa. A 2005 Roger Stupp, likita a ƙasar Suwizalan, tare da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwaji a kan mutum 573 masu mafi munin ƙarin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira giliyobilastoma. Sun nuna cewa in aka haɗa gashi da na'ura da wani magani mai suna temozolomid, matsakaicin abin da majinyaci ke ƙara yi a duniya yakan tashi daga wata 12.1 zuwa wata 14.6. Wannan takarda tana cikin waɗanda aka fi ambato a duk fagen ciwon daji, kuma har gobe da ita ake aiki. Wata biyu da rabi ba abin rainawa ba ne, wanda ya taɓa zama gefen gadon mahaifinsa ya san darajar kwana ɗaya. Amma kafin mutum ya kai ga wannan wata biyu da rabi, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, likitan tiyatar kai ya buɗe ya cire abin da zai ciru, a auna tsokar a san irinta, sannan a yi mako shida ana gasa wurin. Mu a Nijar, sai a 2021 aka fara gashin daji da na'ura a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Daga tashar Maradi zuwa can kuwa fiye da kilomita 600 ne, ka bi Gidan Rumji, Madawa, Konni, Dogon Dutsi, Doso, ka isa jiki ya yi laushi kai da ke da lafiya ma.

Yanzu ga dalilin tambayata.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye kudu da Madarunfa. Ɗanta na uku yana da shekara bakwai lokacin, yaro mai kazar-kazar, shi ke kora awaki kiwo. Ƙarshen damina kumatunsa na hagu ya soma tasawa. Aka ce hangum ne, a bar shi zai saɓe. Bai saɓe ba. Haƙoransa na ciki suka soma girgiɗi, aka ce ai ciwon haƙori ne, aka kai shi wani wuri aka cire guda, kumburin ya ƙara. Aka kira wanzami, aka sha rubutu, aka shafa saiwoyi. Da aka ce a kawo shi birni, kakarsa ta wajen uba ta tsaya kai da fata: "Wannan daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe. Kuka bari aka sa masa allura, kun kashe shi." Ba mugunta ta sa ta faɗi haka ba, abin da ta tashi tana ji ke nan, kuma tana son jikanta kamar ranta.

Sai da aka yi kusan mako bakwai sannan suka sauka a gidana. Ban gane shi ba. Fuskar ta karkace, idon hagu ya turo, bakin ba ya rufuwa, yawu na zuba kan rigar. Kunu kaɗai yake iya sha, shi ma da ƙaramin cokali ta gefe guda. Likitan da ya duba shi bai ɗauki minti biyar ba ya ce yana zargin wani ciwo da ake kira Burkit, amma sai an yanki ƴar tsoka an auna kafin a tabbatar, kuma a lokacin sai Yamai. Muka sayar da awaki huɗu da buhun wake, ƴan'uwa suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, shi kuwa ya wuce da biyu.

Abin da na gani a Yamai ba zan manta ba. Aka ɗaura masa ruwan maganin da likitoci ke ce wa shimiyo. Kwana huɗu, biyar, kumburin da ya yi kamar ƙwarya ya soma sacewa. Kafin mako biyu idon ya koma mazauninsa, yaro ya nemi tuwo. Uwarsa ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa, "Yaya, ashe akwai magani? Ashe duk wannan lokaci akwai magani?"

An gaya mana cewa zagaye da yawa ne, sai an cika su. Mun yi biyu. Kuɗi suka ƙare, sauran yara suna gida ba mai kula, mijinta yana ta aike. Ta ce mini, "Yaya, ai ya warke, dubi fuskarsa." Ni da na yi boko, ni ya kamata in tsaya in ce a'a. Ban tsaya yadda ya kamata ba, don ni ma na ga fuskar na yarda. Suka koma ƙauye. Ciwon ya dawo ta ciki, kafin a sake haɗa kuɗin mota ya yi nisa. Bai ga damina ta gaba ba. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne.

Daga baya na nemi sanin wane ne wannan Burkit, kuma labarinsa ne ya canza mini tunani game da bincike gaba ɗaya.

Denis Burkitt likitan tiyata ne ɗan ƙasar Ayalan, mai ido ɗaya, don ya rasa ɗayan tun yana yaro. Aiki yake yi a asibitin Mulago da ke Kampala, a Yuganda. A 1957 aka nuna masa wani yaro mai kumburarren muƙamuƙi, bayan ɗan lokaci ya sake ganin wani. Maimakon ya ce ikon Allah ya wuce, sai ya koma ɗakin ajiyar takardu ya tono fayilolin yaran da aka taɓa kawowa da irin wannan. A 1958 ya wallafa bayanin yara 38. Da farko kusan ba wanda ya kula da takardar, da da tiyar ambato aka auna shi a shekarun nan da an ce bai yi komai ba. Bai daddara ba. Ya buga hotunan yaran a ƴan takardu ya aika asibitoci ko'ina cikin Afirka da tambaya guda: kuna ganin wannan a wurinku? Amsar da ta zo sai ya soka fil a taswira. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga wata tsohuwar mota suka yi tafiyar kusan kilomita 16,000 cikin mako goma, suna tsayawa asibiti bayan asibiti, fiye da hamsin, suna tambaya.

Taswirar ta nuna abin mamaki. Ciwon yana bin zafi da ruwan sama, ba a cika ganinsa a kan tsaunuka masu sanyi ko a busasshiyar hamada ba. Wato yana bin inda sauro yake. A shekarar nan ta 1961 Burkitt ya yi lacca a Landan, cikin masu sauraro akwai wani mai binciken ƙwayoyin cuta, Anthony Epstein. Ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar daga Kampala. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wata ƙwayar bairos a ciki, wadda yau ake kira Epstein-Barr, ita ce ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Kusan kowane babba a duniya yana ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba. Amma yaron da zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa damina bayan damina, garkuwar jikinsa takan gaza riƙe ta, ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta su yi ta rabuwa har a samu kuskure tsakanin zare na 8 da na 14. Daga nan ƙarin yakan iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa mako bakwai ɗin da muka ɓata ya zama kamar shekara.

Saurin nan nasa kuma shi ne rauninsa, don maganin daji ya fi kama ƙwayar da ke cikin rabuwa. A Afirka aka fara nuna haka, a Kampala da Nairobi da Ibadan, da magunguna irin su metotireksat da saikulofosfamid. Cikin waɗanda aka ba babbar kyautar Lasker a 1972 saboda aikin maganin daji, tare da Burkitt akwai Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aikinsa a Ibadan. Yau a ƙasashe masu arziki kusan yara tara cikin goma masu wannan ciwo suna warkewa. An gano ciwon a kan yaran Afirka, an koyi maganinsa a kan yaran Afirka, duniya duka ta amfana, ɗan ƙanwata kuwa yana kwance a maƙabartar ƙauye. Wannan ne ke hana ni barci wani lokaci.

Abin da na ɗauka daga Burkitt shi ne kayan aikinsa: ido, fayil, taswira, fil, da naci. Babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin Maradi. Haka ma Latunde Odeku, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya, wanda ya kafa sashen a Ibadan a 1962. A zamaninsa akwai masu cewa ƙarin ƙwaƙwalwa ba ya cika kama baƙar fata. Shi da waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta tiyata suna rubutawa, sai ta bayyana cewa ciwon yana nan, masu ganinsa ne babu.

Har yau ina jin haka abin yake a wurinmu. Yaro ya yi ta ciwon kai, yana amai da sassafe, tafiyarsa ta soma tangaɗi, ido ya karkace, sai a ce iska ce ta taɓa shi. Magidanci ya soma faɗuwa kamar mai farfaɗiya, halinsa ya canza, ya daina gane lissafin shagonsa, sai a ce sammu aka yi masa, har a soma zargin kishiya ko abokin ciniki. Yarinya ta ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi na zubar da jini, a ƙara mata jini sau biyu sau uku ana cewa masassara ce ko amosanin jini, alhali ɗigo ɗaya a kan gilashi, a hannun wanda ya san abin da yake nema a madubi, zai iya nuna sankarar jini ce. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma da ita na dogara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Nemo maganin kuwa yana farawa ne daga sanin sunan cutar.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a majalisa. Wani abokina, tsohon ma'aikacin lafiya, ya ce, "Malam, mu da zazzaɓi da tamowa ke ɗibar yara kowace damina, ina mu ina binciken ciwon daji? A fara da abin da ya fi kisa." Maganarsa tana da nauyi, duk wanda ya leƙa ɗakin yara a watan Satumba, ana kwantar da biyu uku a gado ɗaya, ba zai yi masa gardama da sauƙi ba. Amma labarin Burkit kansa ya nuna cewa abubuwan ba a rabe suke ba, sauron da ke kawo zazzaɓin shi ke share wa ƙarin hanya, gidan sauro da maganin rigakafin da ake raba wa yara lokacin damina suna cikin yaƙin. Madubin da zai gano sankarar jini shi ne dai wanda ke gano zazzaɓi. Bankin jini mai kyau yana ceton mai haihuwa da mai daji baki ɗaya. Ban da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da daji kowace shekara, kuma sankarar jini da ƙarin ƙwaƙwalwa suna sahun gaba. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. A 2018 hukumar ta sa burin a kai 60 cikin 100 kafin 2030, ta zaɓi cututtuka shida da za a fara da su saboda suna jin magani. Burkit yana ciki, sankarar jinin da ta fi kama yara tana ciki, har da wani ƙarin ƙwaƙwalwa mai tafiyar hawainiya wanda sau da yawa tiyata ke magance shi. Uwar da ɗanta ke da ciwon da ake iya warkarwa, ba zan iya kallon idonta in ce ta jira sai an gama da sauro ba.

To me nake nema? Abu na farko a wurina shi ne ƙirga. Akwai rajistar masu ciwon daji a Yamai tun 1992, aiki ne mai daraja. Amma wanda ya kamu a Dakoro ko Mayahi ko Gazawa, ya sha magani a gida, ko ya tsallaka Katsina ko Kano neman lafiya, ko ya rasu a hanya, da wuya ya shiga littafin da ke Yamai. Jihar Maradi tana cikin mafi yawan jama'a a ƙasar nan, tana da jami'ar Dan Dikko Dankulodo mai sashen koyon likitanci, tana da manyan asibitoci. Ya kamata a ce tana da nata littafi: wane ciwo, shekara nawa, daga wane gari, mako nawa aka yi kafin a zo, zagaye nawa aka sha, me ya sa aka daina, ina aka kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya tashi ya duba. Likitan da ya zauna shekara biyar yana cika wannan littafi, ya fito ya ce mana yara kaza cikin kaza suna barin magani bayan zagaye na biyu saboda kuɗin mota da wurin kwana, wataƙila mutum goma ne kacal za su ambace shi a duniya. Ni a wurina ya fi mai dubu, don da takardarsa za a iya zuwa gaban minista, ko gaban Alhazan garin nan da Allah ya hore wa, a ce ga ramin, ga faɗinsa, ga abin da zai cike shi. Mutanen Maradi ba su da rowa wajen gina masallaci da haƙa rijiya. Gidan da iyayen yara masu jinya za su sauka kyauta, da asusun kuɗin mota, su ma sadaka mai gudana ce, sai dai ba wanda ya kawo musu lissafin.

Wannan kuwa ba zai yiwu ba in likita yana duba mutum ɗari a yini, ya koma gida ya faɗi kamar gawa. Bincike yana son lokaci, yana son mai awon tsoka a kusa don kada a yi makonni ana jiran sakamako alhali ƙari yana ninkuwa. Yana kuma son masu ba da matsayi su daina raina aikin gida. Manyan mujallun waje da yawa sukan nemi dubban daloli kafin su buga takarda a buɗe, kuɗin da ya fi albashin likitanmu na watanni. In aka ce sai da su za a auna shi, to an tura shi ya bi abin da ke burge na waje, ko ya zama mai tara wa baƙo jini da bayanai, a sa sunansa can tsakiyar jeri, takardar ta fito da harshen da majinyatan ba sa ji, a mujallar da shi kansa ba zai iya saye ba. Ba na ƙin haɗin gwiwa, ai Burkitt da Epstein haɗin gwiwa suka yi. Amma duk wanda ya zo ɗibar wani abu a jikin mutanenmu, a tambaye shi tun a zaure: me za ka bari a nan, wa za ka koyar, kuma yaushe za a dawo a gaya wa mutane abin da aka gano?

Wannan na ƙarshe ya fi damuna. Da a ce kakar yaron nan ta taɓa ji a rediyo, da Hausa, daga bakin likita ɗan gari ko wata uwa da nata ya warke, cewa kumburin muƙamuƙi mai saurin girma yana da magani kuma allura ba ta tayar da shi, da wataƙila ba a yi mako bakwai ba. Da a ce wani ya zaunar da ni ya ce, Malam, sacewar kumburi ba warkewa ba ce, saura na nan a ɓoye cikin jini da ɓargo, in kuka tsaya zai dawo da ƙarfin da ya fi na da, da na sayar da babur ɗina. An faɗa mana, amma a tsaye, cikin sauri, da rabin Faransanci. Ban ga laifin mai faɗin ba, layi ne a bayanmu har waje. Ina dai ganin likitan da ya gano yadda za a yi wannan bayani har ya zauna a zuciyar mutumin ƙauye, ya gwada, ya ƙirga ya ga masu barin magani sun ragu, shi ma bincike ya yi, kuma ya cancanci a ɗaga shi.

Duk wannan na faɗa wa ɗalibina a daren, har shayin ya huce. Bai yarda da ni duka ba. Ya ce in ba a buga a manyan mujallu ba, ba wanda zai ba mu kuɗi ko ya ɗauke mu da muhimmanci, kuma yana da gaskiya a nan. Amma shekaranjiya ya dawo da wani babban littafi mai baƙin bango, irin wanda ƴan kasuwa ke rubuta bashi. Ya ja layuka da biro, ya ce ya nemi izinin shugabansa, zai soma da yaran da ke zuwa hannunsa, tare da wata abokiyar aikinsa ta ɗakin awo.

Na shiga ɗaki na buɗe akwatin ƙarfe, na ɗauko ledar da na adana takardun yaron nan: sakamakon awon tsoka, takardun magani, har da tikitin motar Yamai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cika layi, shekaru, gari, ranar da aka fara gani, zagaye biyu. Da ya zo gurbin ƙarshe ya ɗago kai.

"Malam, babu takardar da ta nuna yadda aka ƙare."

Na gaya masa watan da ranar. Ya rubuta.